Tsuntsayen Fadamun Gagare da Bunsuru

Ƙasar da ta haɗa Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a jihar Zamfara ƙasar jigawa ce mai gajeriyar damina, amma gulabe biyu suna ratsa ta, wato Gagare da ke bi ta Ƙaura Namoda ya nufi Shinkafi, da Bunsuru da ke fitowa daga ƙasar Katsina ya bi ta ƙasar Zurmi, kafin ruwansu ya haɗu ya shiga gulbin Rima. Idan damina ta yi nisa, wajen Agusta da Satumba, gulaben kan tumbatsa su malale filayen da ke gefensu, kuma bayan ruwan ya janye sai ya bar laka mai taki da tafkuna da ƙasa mai damshi har cikin rani. Irin wannan wuri ne masana ke kira dausayi, ma'ana ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta ko dai kullum ko wani sashe na shekara, manomi kuwa fadama ya san ta, inda yake shuka shinkafa da damina, ya yi lambun albasa da tumatir da rani.

Tsuntsayen fadama kashi uku ne. Akwai mazauna, irin su zalɓe da balbela da dinya. Akwai shamuwa, wadda ke isowa gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, sannan ta koma kudancin Afirka idan kaka ta yi, kuma abincinta fara ce da tsutsa, saboda haka ma'aikaciyar manomi ce da ba ta karɓar lada. Akwai kuma baƙin nesa, ƙananan agwagin ruwa da tsuntsayen bakin tafki waɗanda ke yin ƙwai a Turai da Rasha, su ƙetare Sahara su yi hunturu a dausayoyin Sahel, kuma ga tsuntsun da ya ƙetare hamada, kowane tafki da bai ƙafe ba zango ne. Gauraka, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, a da sananniya ce a fadamun Arewa, amma kamu don sayarwa da ƙafewar wuraren kiwonta sun sa ganinta ya yi wuya ƙwarai.

Fafutukar kare irin waɗannan wurare ta samu gindin zama ne da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran ranar 2 ga Fabrairu, 1971, wadda ta ɗora wa kowace ƙasa da ta shiga nauyin ware dausayoyi masu muhimmanci da amfani da su ba tare da an kashe su ba. A Nijeriya aikin ya fi ƙarfi a dausayin Haɗeja da Nguru, inda aka kafa shirin kariya a 1987, aka kuma sanya tafkin Nguru cikin jerin wuraren Ramsar a 2000, daga baya Baturiya da Dagona suka biyo. Babu ko wuri ɗaya daga Zamfara a cikin jerin, kuma rashin tsaron da ya dabaibaye Zurmi da Shinkafi fiye da shekara goma ya sa ƙidayar tsuntsayen ruwa, wadda ake yi a ƙasashe da yawa kowane watan Janairu, ta zama abin da mai hankali ba zai fita daji dominsa ba.

Abin da ya fi cutar da tsuntsun fadama shi ne tare ruwa daga sama, domin mafarauci ɗaiɗai yake kashewa, madatsa kuwa mazaunin take ɗaukewa gaba ɗaya. Bayan kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, binciken masanin ƙasa William Adams ya nuna cewa ambaliya ta ragu a ƙauyukan da ke ƙasa da ita, noman shinkafa ya ja baya, kamun kifi ya yi rauni. Haka madatsun Tiga da Challawa suka yi wa Haɗeja da Nguru, inda canjin gudun ruwa ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyinsa. Bunsuru ma bai tsira ba, domin madatsar Zobe da ke kusa da Dutsinma tana kan Karaduwa, ɗaya daga cikin koramun da ke ciyar da shi. A ƙasa kuma injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse, waɗanda suka yaɗu tun shirin Fadama na Bankin Duniya a shekarun 1990, sun ƙara wa manomi amfani, amma suna zuƙe tafkuna tun kafin tsuntsaye baƙi su tashi.

Mai kiran a kare tsuntsu a wannan yanki zai sha tambaya a kan janbaki, ɗan tsuntsun da ke sauka da dubbai ya cinye gero da dawa da shinkafa, kuma tambayar tana kan hanya, domin wanda aka cinye wa gona ba ya sauraron zancen tsuntsun Turai. Maganin da ake fesa wa janbaki daga jirgin sama a inda yake kwana, wanda galibi cikin ciyayin bakin ruwa ne, ba ya zaɓe, yana kashe shaho da shirwa da sauran masu cin gawarsa. Saboda haka buƙatun da suka fi dacewa a nan ƙanana ne kuma na zahiri: hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima da sauran masu kula da madatsu su riƙa sakin ruwa a lokacin da fadama ke buƙatarsa, a taƙaita feshi ga wurin da aka tabbatar da janbaki, a bar wasu tafkuna ba tare da an kafa musu inji ba, sarakunan ruwa da hakimai kuma su riƙe tsohuwar dokar hana kamun kifi a tafki har ranar da aka buɗe shi.