Amsoshin Wasiƙunku: Intabiyun Aikin Ba Ɗalibai Shawara a Jami'a

Wani manomi daga ƙasar Funtuwa ya rubuto mana cewa an kira ɗansa intabiyu a jami'a, aikin ba masu neman shiga shawara. Yana tambaya, me za a tambayi yaron? Kuma ko ya sayar da sansa a nemi hanya?

To Malam, bar sanka a turke. Abin da ake so a gani wurin yaron shi ne sanin ƙa'ida.

Ya san cewa hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga jami'a. Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, galibi har da Turanci da Lissafi. Mai NCE ko IJMB kuwa yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na gurabe na masu cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye, 20 na jihohin da aka bari baya a ilmin boko.

Za su iya gwada shi da cewa, ga uba ya zo, makin ɗansa bai kai na likitanci ba, me za ka ce masa? Amsa ita ce gaskiya cikin ladabi, sannan ya nuna masa wani fannin da makin ya isa. Kada ya yi alkawarin gurbi, ba a hannunsa yake ba.

Ya tafi da takardunsa na asali, har da shaidar bautar ƙasa, ya isa da wuri. Allah ya ba da sa'a, amin.