Gudu kan ƙanƙara: darasi ga mai hanyar Tamanrasset

Mai sauraro, a shirinmu na wannan mako mun leƙa duwatsun Faransa da Suwizalan, inda wasu ke gudun motsa jiki a tsakiyar sanyi. Ruwa na daskarewa in ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifili, ya yi siririn ɓawo kan dutse wanda ido ba ya gani. Shi ya sa suke ɗaura ƙusoshin ƙarfe a ƙasan takalmi, su riƙa gajeren taku.

Amma fa babban abin tsoro shi ne zufa. Rigar auduga in ta jiƙe, sai ta janye zafin jiki. Jikin mutum digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35, sai rawar ɗari, magana ta sarƙe, hankali ya rikice. In rawar ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, to abin ya yi tsanani.

Kai mai bi ta duwatsun Hoggar a watan Janairu, can ma dare na daskarar da ruwa. Sauya jiƙaƙƙiyar riga, rufe kai, sa waya cikin aljihun ƙirji don sanyi na cinye caji, kuma ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi. Allah ya kiyaye hanya.