Garin Da Ake Koya Wa Samari Da 'Yan Mata Hawan Dandamali

Sau da yawa yaro yakan dawo daga makaranta ya ce wa iyayensa, "Ni wasan kwaikwayo zan yi in na girma." Uba ya yi tsaki, uwa ta riƙe haɓa. Ba mu ga laifinsu ba, gama abin da ke ransu tambaya ce ta gaskiya: wa zai koya masa, kuma me zai ci? A wannan wata za mu kai masu karatu wani gari a ƙasar Kanada inda aka zauna aka nemi amsar waɗannan tambayoyi biyu.

Sunan garin Stratford, cikin lardin Ontariyo. Ba babban birni ba ne, mutanensa sun ɗan haura dubu 30. A dā abincin garin yana wurin gyaran kawunan jirgin ƙasa masu aiki da kwal. Da injin dizal ya fara ture su, sai aiki ya soma ja da baya. Wani ɗan jarida haifaffen garin, Tom Patterson, ya ce tun da garinsu ya ci sunan garin da aka haifi Shakespeare a Ingila, me zai hana su riƙa nuna wasanninsa kowace shekara, baƙi su zo su kashe kuɗi? Majalisar gari ta ba shi dala 125 ya je ya nemo masu taimako. Daga baya ya samo wani gwanin shirya wasa, Tyrone Guthrie, ya zo daga ƙetaren teku. Ran 13 ga watan Yuli 1953 aka buɗe bikin a cikin wani ƙaton tanti, Alec Guinness ya fito a matsayin Sarki Richard na Uku. A 1957 aka gina ɗaki na dindindin a maimakon tantin. Yau bikin yana da ɗakunan wasa huɗu, ana kuwa yinsa fiye da wata shida a shekara.

To, ina wahalar take? Tana cikin dandamalin kansa. Wata mace mai suna Tanya Moiseiwitsch ce ta zana shi, ta sa ya miƙo har tsakiyar 'yan kallo, suna zaune kewaye da shi ta gefe uku. Ɗakin yana cin mutum wajen 1,800, ba kuwa kujerar da ta fi ƙafa 65 nisa da dandamali. Saboda haka duk inda ɗan wasa ya juya, ya ba waɗansu baya, kuma dole su ma su ji abin da yake faɗa. Ga shi maganar ba ta yau ba ce. Shakespeare ya rasu tun 1616, Turancinsa ya tsufa har ga Turawa, yawancinsa kuma a tsare yake kamar waƙa, kowane layi gaɓa goma. Wanda bai san inda zai ja numfashi ba, sai iska ta ƙare masa a tsakiyar magana, ma'ana ta zube. Mu da muka taɓa shirya yara don wasan ƙarshen zango mun san wannan sarai. Yaron da muryarsa ke cika filin ƙwallo, da ya hau dandamali sai ka ji kamar sauro.

Tun da wuri masu bikin suka gane cewa gwanaye za su tsufa, kuma ba a sayen magada a kasuwa. A 1975 shugaban wasanni na lokacin, Robin Phillips, ya ware wata ƙungiya ta matasa a cikin 'yan wasan bikin, ana ba su wasanninsu na kansu domin su gwada ƙarfinsu. An yi ta yin haka, wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci abin ya yi sanyi. Sai a 1998 Richard Monette, wanda ya shugabanci bikin daga 1994 zuwa 2007, ya kafa makarantar horo sosai. Daga baya aka sa mata sunan iyalin Birmingham, waɗanda suka ba da kuɗi mai yawa don ta tsaya da ƙafafunta. Damuwar Monette ita ce, matasa da yawa suna zuwa da baiwa, amma ba su saba da tsohuwar magana mai nauyi ba. Wasan talbijin da na silima ba su bukatar babbar murya, gama na'ura tana kusa da bakin mutum, ko raɗa ya yi za a ji.

Kada mai karatu ya zaci makarantar ta 'yan farin shiga ce. Yawancin waɗanda ake ɗauka sun riga sun gama makarantar wasa, sun kuma taɓa aiki a waɗansu wurare. Ana gwada mutane daga sassa dabam dabam na Kanada, a zaɓi kaɗan ƙwarai. Sa'an nan a mai da su kamar ba su san kome ba. Akwai malaman murya, masu koyar da yadda ake jawo numfashi daga ciki, ba daga maƙogwaro ba, don kada murya ta dushe bayan wasa na sa'a uku. Akwai masu zama da su a kan rubutun, kalma kalma, har ɗan wasa ya san abin da kowace jimla ke nufi da dalilin da ya sa aka faɗe ta. Wannan shi ne sashen da ya fi cin lokaci, mu kuwa a ganinmu shi ne ya fi muhimmanci, domin wanda bai fahimci maganar bakinsa ba, ko ya yi ihu ba zai fahimtar da kowa ba. Akwai kuma koyon tafiya da tsayuwa cikin manyan tufafi na zamanin dā, da rawa, da faɗa da takobi. Faɗan nan ana tsara shi taki taki kamar rawa, gama kuskure ɗaya yana iya cire wa abokin wasa ido.

Abin da ya fi burge mu shi ne amsar tambayar iyaye ta biyu. Ɗan koyo ba ya biyan kuɗin makaranta, shi ake biya. Kuma horon yana haɗe da aiki a cikin bikin kansa, tare da manya. A nan ne ainihin karatun yake. Bikin yana nuna wasanni da yawa bi da bi, yau wannan gobe wancan, don haka mutum ɗaya yakan fito a wasa biyu ko uku cikin mako guda. Matashi yana iya zama ɗan sarki da rana, da dare kuma ya zama dogari mai riƙe mashi, ba ya cewa uffan. Sau da yawa kuma akan ba shi aikin ko-ta-kwana: ya haddace dukan maganar wani babban ɗan wasa, ya jira. Mai yiwuwa ne shekara ta ƙare ba a kira shi ba. Mai yiwuwa ne kuma wata safiya a ce masa maigidan ba shi da lafiya, yau kai ne.

Ba za mu ɓoye ba, ƙofar ƙunƙunta ce. Masu nema suna da yawa, waɗanda suka shiga ma ba a yi musu alkawarin aiki har tsufa ba. In yarjejeniya ta ƙare, wani a sake ɗaukarsa, wani ya kama hanya ya nemi wani dandamali. Iyayen da ke jin tsoro ba su rasa hujja ba. Sai dai wanda ya fita, ya fita da sana'a a hannu, ya kuma ga yadda gwanaye ke yinta da idonsa.

Cikin waɗanda suka riƙe makarantar, ba wanda ake tunawa kamar Martha Henry. Ta fara zuwa Stratford a 1962 tana yarinya, ta fito a matsayin Miranda, 'yar Prospero, cikin wasan Shakespeare mai suna The Tempest, wato guguwa. Daga 2007 ta shugabanci horon matasa wajen shekara goma. A 2018, tana da shekara 80, ta koma wannan wasa, amma wannan karo ita ce Prospero, wata yarinya kuma tana tsaye a inda ta tsaya shekara 56 da suka wuce. A 2021 ciwon daji ya ci ƙarfinta, duk da haka ta karɓi wasan Edward Albee mai suna Three Tall Women. Ta fara shi tana dogara da abin tafiya, ta ƙarasa shi a kan keken marasa lafiya. Ta yi wasanta na ƙarshe ran 9 ga Oktoba, ta rasu ran 21 ga watan, tana da shekara 83.