Ƙullutun Ruwa A Hanta: Kafin Ka Tsorata, Duba Takardar Gwajin Jininka



Sau da yawa mutum zai je a yi masa hoton ciki don wani dalili daban, sai a ce masa an ga ƙullutun ruwa a hantarsa. Daga nan barci ya ƙaurace masa, yana tunanin kansa ce. To ka kwantar da hankalinka. Mafi yawan irin wannan ƙullutu jaka ce kawai mai ruwa a ciki, ba kansa ba ce, kuma an fi ganinta ga mata da waɗanda suka haura shekara 40. Wani ma da ita zai rayu har ƙarshen rayuwarsa bai sani ba.

*Me gwajin jini ke faɗa?*

A takardar gwajin hanta za ka ga ALT da AST. Sinadarai ne da ke cikin ƙwayoyin naman hanta, sai naman ya ji rauni suke malalowa cikin jini da yawa. Ƙaramin ƙullutu ba ya raunata naman, shi ya sa galibi ba ya ɗaga su. Akwai kuma ALP da GGT, su alaƙarsu da hanyoyin ruwan madaci ce. Idan ƙullutun ya yi girma ya danne waɗannan hanyoyi, su ne ke hawa, wani lokaci har ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu.

Abin lura a nan: idan ƙullutunka ƙarami ne amma ALT ya hau, kada ka ɗora masa laifi ka naɗe hannu. Nemi gwajin ciwon hanta nau'in B da C, a duba kitse a hanta, sannan ka gaya wa likita duk abin da kake sha, daga farasitamol har jiƙe-jiƙen gida. Ciwon hanta B yakan yi shekaru yana cin mutum shiru, kuma yana bin jini, kamar ta askar da ba a tsabtace ba, ko daga uwa zuwa jariri. Allurar rigakafinsa na nan, kada a bar jarirai ba a yi musu ba.

*Nau'in da ke buƙatar taka-tsantsan*

Akwai ƙullutun da tsutsar cikin kare ke haddasawa. Kare ya ci hanta ko huhun tunkiya ko raƙumi mai ɗauke da cutar, ƙwan tsutsar ya fita a kashinsa, ya gurɓata ruwa ko ganye, mutum ya haɗiye. An san shi sosai a Sudan da yankin Turkana na Kenya. Idan ya fashe a ciki yana iya jefa rai cikin haɗari. Don haka ranar Layya ko suna, in ka ga ƙurajen ruwa a hantar dabba, kada ka jefa wa karnuka. Ƙone ta, ko ka binne ta da zurfi.

*Nasiha*

Duk wanda ya ce maka yana da sassaƙen da zai narkar da ƙullutu cikin kwana bakwai, riƙe kuɗinka. Hanta ce ke tace duk abin da ka haɗiye, yawan haɗe-haɗen magani kuwa ƙara mata nauyi yake. Kada a yi tsaga ko a danna wurin da ƙarfi. Zuma da habbatus sauda a sha su daidai misali, amma ba sa maye gurbin gwaji. A guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna.

Garzaya asibiti nan take idan ka ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko zazzaɓi, ko shawara, ko ciki na kumbura.

Neman magani ba ya kore tawakkali. Lafiyar iyalinka amana ce a wuyanka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. A tura wa 'yan uwa.