Sujadar Safe a Gidajen Kirista: Dalilan Ja da Bayanta

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a gidan Kirista a Wusasa, ko Kagoro, ko Garkida, da wuya ya manta yadda akan tashi mutanen gida tun da jijjifi, maigida ya buɗe Littafi Mai Tsarki a gaban fitila, a karanta sura guda, a rera waƙa, a yi addu'a, kana kowa ya nufi gona ko makaranta. Wannan al'ada, wadda ba ta da ado balle amo, ita ce a yau take ja da baya, musamman a birane, alhali kuwa majami'u sai ƙara cika suke yi.

Asalinta yana haɗe da karatu. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bisa ga aikin ɗan mishan Likita Miller da abokan aikinsa, kuma a wurare da dama ba a yi wa mutum baftisma sai ya iya karatu, sai Hausa ta zama harshen ibada ga Angas da Bura da Tangale da wasu ƙabilu masu yawa, har ya zamana manomi yana da littafinsa na kansa, yana tilawarsa ba tare da jiran mai bishara ba. A kan wannan tushe ikkilisiyar ECWA ta tsaya a 1954, tarayyar ikkilisiyoyi ta TEKAN kuma a 1955.

Babban sababin raunin, a ganina, shi ne harshe. Yaron da aka sa shi makarantar Turanci tun yana ɗan shekara uku, in aka miƙa masa fassarar Hausa ta 1979 sai ya riƙa in-ina, ta 1932 kuwa ba a magana. Uwarsa kuma, wadda ta haddace Zabura da Hausa, ba ta da ƙarfi a Turanci, saboda haka littafin da a dā yake tara iyali a kan tabarma ɗaya ya zama kowa da nasa, daga nan sai kunya ta shiga, daga kunya sai a daina zama. Akwai kuma neman abinci, domin ma'aikacin da zai bar Mararaba ya isa ofis a Abuja kan lokaci yakan fita yara suna barci. Wa'azin mu'ujiza da arziki, wanda ya yi ƙarfi tun wajen shekarun 1980, shi ma ya koya wa mutane su ɗora begensu a kan kwanan addu'a da manyan taro, su raina ɗan abin da ake yi kullum. Ita waya ba zan ɗora mata laifi duka ba, gama tsohuwar da ba ta iya karatu tana sauraron Linjila a cikinta.

Bangaskiyar da taro kaɗai yake hura ta wutar kara ce, ba a kuwa gane bambancinta da ta gungume sai jarrabawa ta zo. A watan Oktoba na 2014, da Boko Haram ta kama Mubi da hedkwatar ikkilisiyar EYN a Kwarhi, dubban masu bi suka watsu zuwa Yola da Jos da ƙasar Kamaru, da yawansu babu fasto, babu majami'a, wasu ko littafin ba su samu ɗauka ba. Abin da ya rage musu na ibada shi ne ayar da suka haddace da waƙar da suka saba rerawa, galibinsu a gida da Zumuntar Mata suka koye su.

Don haka nake roƙon dattawan ikkilisiya, kafin su ƙara wani kwanan addu'a a cikin tsarin shekara, su buɗe ajin karatun Hausa ga yara ranar Lahadi, su kuma tambayi kowane maigida da wane harshe ake karatu a gidansa.