Yawon Ganin Zane-zane a Abidjan: Daga Adjamé zuwa Treichville

Abidjan shi ne birni mafi girma a ƙasar Kwaddibuwa, kuma tafkin Ébrié ya raba shi gida biyu. Unguwar Adjamé tana arewa, inda babbar kasuwa da tashar mota suke. Daga can sai a gangaro Plateau, unguwar ofisoshi da bankuna, sannan a haye gada a shiga Treichville. Hausawa da yawa, musamman mutanen Nijar, sun daɗe suna zaune suna kasuwanci a Adjamé da Treichville. Wanda ya bi wannan hanya don ganin ayyukan masu zane da masassaƙa zai yi ta cin karo da tambaya ɗaya, wato wane ne ya yi wannan abu, kuma sunan wa ke kansa?

A Adjamé zane yana kan titi ne. Ƙananan motocin haya da ake kira gbaka suna ɗauke da hotuna da rubuce-rubuce, haka ma allunan masu aski da na masu sayar da abinci. Masu wannan zane ba su da zauren nuni. Ɗakin aikinsu rumfa ce a bakin hanya, kuma mai mota ko mai shago ne ke faɗin abin da yake so.

Kusa da iyakar Adjamé da Plateau akwai gidan tarihi na ƙasa, Musée des Civilisations de Côte d'Ivoire, wanda aka fara a 1942 a matsayin cibiyar sana'ar hannu. A nan ake ajiye fuskokin itace da mutum-mutumi na Baule da Senufo da Dan da Guro. Yawancinsu sunan ƙabila kawai aka rubuta a jikinsu, babu na masassaƙi. A rikicin 2011 an fasa gidan an sace kayayyaki masu daraja, har da na zinariya. Akwai kuma labarin Djidji Ayôkwé, wata ganga ta itace zalla marar fata, wadda tsawonta ya wuce mita 3, nauyinta kuma kilo 430. Mutanen Ebrié na Adjamé suna buga ta don sanar da ƙauyuka cewa Turawa na zuwa ɗibar mutane aikin tilas. Faransawa suka ƙwace ta a 1916, daga baya ta ƙare a birnin Paris. Sai a 2025 majalisar dokokin Faransa ta amince da dokar mayar da ita.

Idan aka haye gada, a bakin ruwa ta ɓangaren Treichville akwai Palais de la Culture, wanda aka gina da taimakon ƙasar Sin aka buɗe a 1999. Zauren nunin da ke ciki yana ɗauke da sunan Christian Lattier (1925 zuwa 1978). Shi wannan mutum ba da sassaƙa itace ya yi suna ba. Waya yake lanƙwasawa ya naɗe ta da igiya har ta zama sura, kuma da irin wannan aiki ya ci babbar kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. Bayansa wasu matasa na makarantar zane ta Abidjan, irin su Youssouf Bath da Théodore Koudougnon da Mathilde Moreau, suka fito da salon da ake kira Vohou-Vohou, wanda ya yi tashe a shekarun 1980. Ma'anar kalmar ita ce tarkace. Sun rage dogaro da fentin Turai mai tsada, suka koma ga ɓawon itace da yashi da wuri da ruwan goro.

Treichville ce kuma ta fi shafar ɗalibin Hausa. A nan fatake Hausawa suka riƙe ɗakunan ajiya cike da kayan sassaƙa. Wani Ba'amurke masanin al'adu, Christopher Steiner, ya zauna da su, ya rubuta littafi mai suna African Art in Transit a 1994. An kuma yi fim a 1992, In and Out of Africa, wanda ya bi wani falke Bahaushe ɗan Nijar, Gabai Baaré, daga ƙauyukan Kwaddibuwa har zuwa Amurka. Waɗannan fatake Musulmi ne, ba sa bauta wa abin da suke sayarwa. Su a bakinsu “itace” ne kawai, haja ce kamar goro ko fata. Gwanintarsu ita ce sanin abin da Bature ke nema. Shi yana son tsohon abu wanda aka yi rawa ko tsafi da shi a ƙauye, don haka akan ɗauki sabon sassaƙa a shafa masa hayaƙi ko ƙasa ko ruwan goro don ya yi kama da tsoho. Abin lura shi ne, a wannan ciniki ɓoye sunan masassaƙi ne ke ƙara wa kaya kuɗi. Wasu na kiran wannan damfara. Amma mai saye ne ya ƙi biyan sabon aiki kuɗin da ya dace, komai kyansa, falke kuwa ya bi kasuwa.

Wanda ke son ganin masu sana'a da idonsa sai ya nufi CAVA, cibiyar sana'ar hannu ta birnin, a yankin Zone 3. Can za a ga masassaƙa da maƙera da masu rini suna aiki a gaban shagunansu. Ana tayi, ana ragi, kuma ladabi ne a nemi izini kafin a ɗauki hoto. In yunwa ta kama mutum, akwai garba a kowace kusurwa, wato aceken rogo da soyayyen kifi. An ce sunan ya samo asali ne daga 'yan Nijar da suka fara sayar da shi.

Manyan zaurukan nuni na zamani kam ba a waɗannan unguwanni suke ba. Yawancinsu suna Cocody, kamar Fondation Donwahi da aka buɗe a 2008 da Galerie Cécile Fakhoury da aka buɗe a 2012. A can lamarin ya juya, domin sunan mai zane shi ne ke sa farashi. Misali shi ne Aboudia, wanda aka haifa a 1983, ya yi suna da hotunan yaran titi da ya zana lokacin yaƙin 2011, yana haɗa su da kalmomin nouchi, wato yaren matasan Abidjan mai gauraye da Faransanci da Jula. Wani kuma shi ne Frédéric Bruly Bouabré, wanda ya rasu a 2014. Ya ƙirƙiro wa harshensa na Bete alamomin rubutu sama da 400, kowace tana wakiltar gaɓa ɗaya, ya zana su a kan ƙananan katuna da biro da fensir mai launi. A 2022 gidan MoMA na birnin New York ya yi nunin ayyukansa shi kaɗai.