Limamin Soja Bayan Ya Tuɓe Kaki

Jama'a, akwai wata dukiya da muke bari tana salwanta, ita ce limaman soja da suka yi ritaya. Rundunar Sojan Nijeriya tana da sashen harkokin addinin Musulunci, wanda limamansa ke aiki a barikoki irin su Bukabu a nan Kano. Limamin bariki ba jan salla kaɗai yake yi ba. Shi ke yi wa matar mamaci ta'aziyya, shi ke sasanta ma'aurata, shi ne kuma ke zama da sojan da ya komo daga fagen fama barci ya ƙaurace masa.

To, amma ran da ya tuɓe kaki ba ya da takardar da za ta shaidi wannan gwaninta. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa majalisar yi wa masu sana'ar ba da shawara rajista. Nasihar masallaci tana nan yadda take, amma mai son asibiti ko makaranta su ɗauke shi wannan aiki, tilas ya nemi shaidar karatu.

Hanya kuwa a buɗe take. Jami'ar Bayero tana koyar da fannin jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilmi. Kada malam ya ga komawa aji ƙasƙanci ne, domin a can zai koyi rarrabe baƙin cikin da nasiha ke kwantarwa da ciwon da sai likita. Idan mutum ya fara zancen hallaka kansa, wajibi ne a haɗa addu'a da garzayawa da shi sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Gyadi-Gyadi.

Saboda haka muna kira ga attajiran Tarauni su ɗauki nauyin karatun irin waɗannan malamai, don kuwa kuɗin fansho ba ya isa. Ma'aikatan gwamnati kuma su taimaka musu da cika takardu da bin ofisoshi. Wanda ya yi shekaru yana rarrashin masu kuka a bariki, bai kamata unguwarsa ta rasa amfaninsa ba.

Allah Ya sa mu dace, amin.